Tsarin tashin direbobi a kanel ɗin ƙananan na'urori

Tsarin tashin direbobi shi ne yadda kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ke shirya wane direba zai fara tashi, wane zai biyo baya, lokacin da aka kunna na'ura. Direba a nan ɗan guntun sofwaya ne da ya iya magana da ɓangare ɗaya na na'urar, kamar sikirin ko batir ko sensa. Maganar ta fi zafi a ƙananan na'urori masu kwamfuta a cikinsu, irin POS ɗin da ake cire kuɗi da shi a kasuwar Gusau, da rauta, da wayar Android.

Tushen matsalar shi ne direbobi na dogara da juna. A ce ɗalibi a Birnin Kebbi ya haɗa bodi, wato allon lantarki, mai auna danshin ƙasa a gonar shinkafa, sensar tana kan layin I2C, wato wayoyin da take magana da cif ta kansu, to direbanta ba zai iya komai ba sai direban I2C ya tashi, shi ma I2C yana jiran agogon cif da ƙafafun da zai fita ta kansu, sensar kuma tana jiran mai daidaita wuta ya ba ta lantarki. Duk mai noman rani a fadamar Argungu ya san haka, sai ka ɗura wa injin ban-ruwa ruwa kafin ka ja igiya, in ka juya tsarin injin zai yi ta ƙara amma ko ɗigo ba za ka gani ba. Kuma kayan USB da PCI suna sanar da kansu in an jona su, amma abin da ke cikin cif ɗin ARM, irin wanda yawancin ƙananan na'urori ke amfani da shi, shiru yake, shi ya sa ake rubuta bishiyar na'urori, fayil ne da ke faɗa wa kanel me ke kan bodin da abin da kowanne ke buƙata.

A kanel ɗin Linux tsohuwar hanya ita ce matakan initcall, wato jerin matakan da ake kiran direbobi lokacin tashi, guda 8 ne daga 0 zuwa 7: pure, core, postcore, arch, subsys, fs, device, late. Direban da aka gina cikin kanel da module_init yana faɗawa mataki na 6. In biyu suka haɗu a mataki ɗaya kuwa, wanda aka fara jerawa a Makefile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a gina kanel, shi ke riga tashi, ka ga layi ɗaya in ya matsa sai na'ura ta ƙi aiki. Da yawa sun riƙa ɗaga direbansu zuwa subsys don ya riga ɗan'uwansa, ni dai a ganina wannan faci ne kawai, ya yi aiki a bodinka ya watse a na wani, kuma in aka mayar da direban modul da ake lodawa daga baya matakin ba shi da sauran amfani.

Gyaran farko mai ma'ana ya zo a 2012 cikin Linux 3.4, aikin Grant Likely. Direban da ya zo bai tarar da abin da yake buƙata ba sai ya dawo da EPROBE_DEFER, lambarsa 517, ma'ana "ban shirya ba, a sake kirana". Kanel ya sa shi a layin jira, duk sanda wani direba ya yi nasarar tashi sai a sake gwada masu jira. Yana aiki sosai, amma gwaji ne a makance, yana cin lokacin tashi, kuma in abin da ake jira ba zai taɓa zuwa ba direban haka zai zauna har a kashe na'ura. Nan ne ɗalibin nan zai ga bodinsa ya kunna lafiya, fitila na ci, amma sensa shiru, sai -517 da ke ta maimaituwa a log, inda kanel ke rubuta saƙonninsa. Abin yi ya buɗe /sys/kernel/debug/devices_deferred, nan sunan masu jira yake.

A 2017 Linux 4.10 ya kawo alaƙar na'urori, aikin Rafael Wysocki, inda ake rubuta ƙarara cewa wannan mai bayarwa ne wancan mai karɓa, kanel ya bi tsarin wajen tashi, ya juya shi wajen barci da kashewa. Sai fw_devlink na Saravana Kannan, mai karanta bishiyar na'urori ya ƙulla alaƙar da kanshi. Wannan ita ce hanyar da ta dace, a faɗi wa ke buƙatar wa a bar kanel ya jera. Inda take shan wuya shi ne zagaye, wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan.

Ƙananan kanel, irin su Zephyr da FreeRTOS, sun fi sauƙi. Zephyr na da matakai kamar PRE_KERNEL_1, PRE_KERNEL_2 da POST_KERNEL, cikin kowanne akwai lambar fifiko, ƙarama ke riga tashi. FreeRTOS kuwa bai ɗauki wannan nauyin ba sam, mai rubuta manhajar ne zai kira kowane direba da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya.