Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Motsa Jiki na Masu Nakasa: Tambayoyi da Amsoshi

A sassan koyar da motsa jiki na jami'o'i akwai wani reshe da ɗalibai da yawa kan ɗan leƙa a zango ɗaya su wuce, alhali a wasu ƙasashe mutum kan ƙarar da rayuwarsa ta aiki a kansa. Reshen shi ne daidaita motsa jiki da wasanni domin makaho, kurma, gurgu da mai lalurar ƙwaƙwalwa su shiga a dama da su. Ga tambayoyin da mai niyyar zurfafa karatu a wannan fanni ya kamata ya samu amsarsu tun kafin ya cike fom.

Me ya raba wannan fanni da aikin likitan fisiyo?

Likitan fisiyo yana aiki ne a kan gaɓar da ta samu matsala, burinsa ta warke ko ta ƙara ƙarfi. Masanin wannan fanni kuwa yana karɓar mutum a yadda ya same shi, sai ya juya ga wasan: ya sauya doka, ya rage faɗin fili, ya canza ƙwallo, ya gyara yadda yake bayani, har mutumin ya samu shiga. Aikin ya haɗa da darasin motsa jiki a makaranta, wasannin gasa, nishaɗi, da motsa jikin tsofaffi. Su biyun suna buƙatar juna, amma kowa da gonarsa.

A ina fannin ya kafu har ake yin digiri a kansa?

Wasannin sun riga karatun. Kurame sun yi gasarsu ta duniya ta farko a Paris a 1924. A 1948 Dakta Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, wadda ta girma ta zama gasar Paralimpik, aka yi ta farko a birnin Rum a 1960.

Ta fuskar ilimi kuwa, a lardin Quebec na Kanada aka kafa ƙungiyar duniya ta wannan fanni, IFAPA, a 1973, ta yi babban taronta na farko a can a 1977, kuma tun daga nan ake yin sa duk bayan shekara biyu. Mujallar fannin, Adapted Physical Activity Quarterly, ta fara fitowa a 1984. A Turai, Jami'ar Leuven ta Beljiyam ta jagoranci wani digiri na biyu na haɗin gwiwar jami'o'i daga 1991.

Amurka ce dai ta fi kowa tara malamai a fannin, kuma doka ce ta jawo hakan. Dokar ilimin yara masu nakasa ta 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990, ta sanya darasin motsa jiki a cikin ilimin musamman da ya wajaba a bai wa yaro. Da zarar abu ya zama dole, makarantu sai sun nemi malamai, jami'o'i kuma sai sun horar da masu horar da malaman. Daga nan kasuwar masu digiri na uku ta buɗe.

To mutum ya samu gurbi, yana zuwa aji, yana rubuta kundi. Wace ƙwarewa kuma ake nema?

Nan ne gizo ke saƙa. Darasi da kundi suna ba ka takardar shaida. Aikin da ke jiranka bayan kammalawa ya fi haka faɗi: za ka koyar da ɗalibai, ka duba kundinsu, ka rubuta takardar neman tallafin bincike, ka tsaya gaban taro ka kare sakamakonka, ka tantance rubutun wasu idan mujalla ta turo maka, ka zauna da iyaye da shugabannin makaranta. Ba kasafai ake samun waɗannan a jadawalin darussa ba, don haka ɗalibi mai wayo yakan nemi hanyar koyonsu tun yana karatu. Ya roƙi malamin da ke duba aikinsa ya bar shi ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu yana zaune yana kallo, ya nemi a sa shi cikin rubuta takardar neman tallafi ko da tattara bayanai kawai zai yi.

A ganina kuma, abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne awannin da mutum ya yi a fili tare da masu nakasa. Amurkawa sun gane haka. Suna da mizanan ƙasa guda 15 da ake kira APENS, kuma kafin malami ya samu shaidar ƙwarewa ta CAPE sai ya ci jarrabawa, ya kuma nuna hujjar cewa ya yi awa 200 yana koyar da masu nakasa motsa jiki. Wanda zai horar da irin waɗannan malamai bai kamata a ce nasa awannin sun gaza nasu ba.

Me ake koya a filin da littafi ba zai bayar ba?

Ɗauki yarinya makauniya ’yar shekara tara da aka kawo ta darasin gudu. Littafi zai ce a samar mata jagora. A fili ne za ka gane cewa idan ka kama hannunta kana ja, tsoro ne zai hana ta sakin jiki. Sai ka ɗaure igiya daga wannan turke zuwa wancan daidai ƙugunta, ka zura ɗan guntun bututun roba a jikin igiyar ta riƙe, ka yi ƙulli kafin ƙarshe domin idan bututun ya taɓa shi ta san lokacin tsayawa ya yi. Karon farko za ta taka a hankali. Kafin a tashi za ka ga ta fara gudu ita kaɗai, babu wanda ya riƙe ta. Idan babu kuɗin sayen ƙwallo mai ƙararrawa irin ta wasan golbol na makafi, wadda nauyinta kilo 1.25 ne, sai a saka ƙwallon ƙafa a cikin leda a ƙulle bakin, ƙarar ledar ta ishe ta bin sawu. Sansanin Camp Abilities da Farfesa Lauren Lieberman ta fara a Brockport ta jihar New York a 1996 a kan wannan tsari yake: yara masu lalurar gani suna koyon wasanni, ɗaliban jami'a kuma suna koyon yadda ake koyar da su.

Akwai kuma abin da ya shafi rai. Mutumin da lakarsa ta samu rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, jininsa na iya hauhawa farat ɗaya saboda abu ƙarami kamar cikar mafitsara ko ɗaurin da ya matse shi. Alamarsa ciwon kai mai tsanani da zufa a fuska. Mai horarwa dole ya san cewa zaunar da shi ake yi bayansa a miƙe, a sassauta masa kaya, a nemo musabbabin, a kira ma'aikacin lafiya. Irin waɗannan mutane kuma jikinsu ba ya fitar da zufa yadda ya kamata daga wurin raunin zuwa ƙasa, don haka zafi na saurin galabaitar da su. Wanda zai yi wannan aiki a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, sanin wannan wajibi ne a kansa. Haka nan wasu yara masu lalurar Down suna da sassauci a ƙashin wuya na sama, shi ya sa ake neman shawarar likita kafin a sa su tsalle-tsallen da ke ɗora nauyi a wuya.

Wane kayan awo ya kamata ɗalibi ya iya amfani da shi?

Mafi shahara shi ne TGMD, gwajin da Dale Ulrich ya fitar a 1985. Bugu na uku yana duba ƙwarewa 13 a yara ’yan shekara 3 zuwa 10: shida na tafiya kamar gudu da tsalle, bakwai na sarrafa ƙwallo kamar jifa, cafewa da bugu. Ba nisan jifar ake aunawa ba, yadda aka yi ta ake kallo. Shin yaron ya juya ƙugu? Ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannun jifa? Kowane sharaɗi ana ba shi 1 ko 0, a gwaji biyu.

Abin da sauƙin faɗa, amma ba shi da sauƙin yi. A ba ɗalibai biyu bidiyo ɗaya su ba da maki, sau da yawa za a ga sun saɓa. Sai sun yi ta maimaitawa tare da wanda ya ƙware har makinsu ya riƙa dacewa, sannan a yarda da alƙaluman da za su shiga kundi. Wani abin lura kuma, ma'aunin da ake kwatanta yaro da shi a kan yaran Amurka aka gina shi, kuma cikin abubuwan da ake gwadawa har da bugun ƙwallo da sanda irin na wasan besbol. Yaron da bai taɓa ganin wannan wasa ba zai iya samun maki kaɗan ba tare da jikinsa na da wata matsala ba. Duk mai amfani da gwajin a wajen Amurka ya kamata ya faɗi haka ƙarara a rubutunsa.

Yaya batun wallafa bincike da halartar taro?

A fara da wuri, kuma a fara da ƙarami. Allon bayani da ɗalibi zai kafa a taro ya tsaya kusa da shi yana amsa tambayoyi ya fi masa amfani fiye da yadda yake zato, domin a nan yake haɗuwa da waɗanda ya saba ganin sunansu a takarda. Bayan taron IFAPA akwai na ƙungiyoyin yanki, irin su NAFAPA a Arewacin Amurka da EUFAPA a Turai.

Mujallar kirki tana tura rubutu ga masana su tantance, abin yakan ɗauki watanni, kuma yawanci da gyara yake dawowa. Wadda ta aiko maka da wasiƙa tana yabonka, ta ce ka biya kuɗi a buga cikin mako guda, ka guje ta. Kuɗinka za su ci, kuma binciken da ka sha wahala a kansa babu mai ɗaukarsa da daraja.

Wa ke biyan kuɗin karatun?

A Amurka ofishin ilimin musamman na ma'aikatar ilimi, OSEP, yana ba jami'o'i kuɗi su horar da masu digiri na biyu da na uku, da sharaɗin wanda ya amfana zai yi aikin shekara biyu a fannin a madadin kowace shekara da aka biya masa. Wannan galibi na ’yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Baƙo yakan bi ta hanyar zama mataimakin malami a koyarwa ko bincike, ko ta tallafi irin na Fulbright, ko na Commonwealth idan Birtaniya ya nufa. Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da TETFund, wadda ke tallafa wa ƙarin karatu da halartar taruka.

Ina matsayin masu nakasa su kansu a wannan karatu?

An daɗe ana rubutu a kansu ba tare da an tambaye su ba, kuma wannan aibi ne da masana fannin da dama suke magana a kai yanzu. Ɗalibi ya je makarantar kurame ya raba takardar tambayoyi, ya kwashe amsoshi, ya samu digiri, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Wannan ba daidai ba ne. Neman izini ma sai an yi shi ta hanyar da mutum zai fahimta: da maganar hannu ga kurma, da rubutun makafi ko karantawa a bayyane ga makaho, da amincewar yaro shi kansa bayan ta iyayensa. Idan an gama, a koma a gaya musu abin da aka gano.

Abin da ya fi wannan shi ne su zama su ne ɗaliban, su ne malaman. Sashen da ke koyar da wannan fanni a bene na biyu babu hanyar keken guragu, ya fara gyara daga kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ambaci wasanni da nishaɗi a sashe na 30, Najeriya kuma tana da dokar hana nuna musu wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Wanda yake Kano, Zariya ko Damagaram, akwai abin da zai yi bincike a kai a gida?

Akwai, har ya yi yawa. Najeriya ta fara zuwa gasar Paralimpik a Barcelona a 1992, kuma a Rio a 2016 ta dawo da lambobi 12, takwas daga ciki na zinare, mafi yawansu a ɗaga nauyi. Ga kuma ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano wanda shan-inna ta shafa, ya ƙirƙiro a 1988, inda ’yan wasa ke zama a kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu. Wannan daidaita wasa ne tsantsa, kuma waɗanda abin ya shafa ne suka yi shi da kansu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, suna girma, kafaɗunsu na ɗaukar nauyin da ƙafa ya kamata ta ɗauka.

Tambayoyin bincike a bayyane suke. Wane irin ciwo ’yan ƙwallon guragu suka fi samu a kafaɗa da wuyan hannu, kuma wane atisaye ne zai rage shi? Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce babba mai nakasa yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, to nawa mace mai nakasa a unguwanninmu take samu, kuma me ke hana ta? Idan an fita darasin motsa jiki a firamare, ina ake ajiye yaron da ke tafiya da sanda? Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan motsa jiki, Jami'ar Jos da ta Ibadan sun daɗe suna koyar da ilimin musamman, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo. Ɗalibin da bai samu malami ɗaya da ya haɗa fannonin biyu ba, yana iya neman sashensa ya naɗa masa masu duba aiki biyu, ɗaya daga motsa jiki ɗaya daga ilimin musamman, sannan ya nemi izinin makarantar masu buƙata ta musamman mafi kusa da shi, irin ta Tudun Maliki a Kano, ya riƙa zuwa kowane mako yana rubuta awanninsa.