Idan Wata Ya Gitta Gaban Mirrihi ko Zuhal: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne ke faruwa a zahiri?

Wata na da nisan kimanin kilomita 384,400 daga gare mu, ya fi kowace duniya kusa, kuma a kowace sa'a yana matsawa gabas da kusan faɗin kansa. Idan hanyarsa ta biyo ta kan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana, kamar Zara (Venus), Mirrihi (Mars), Mushtari (Jupiter) ko Zuhal (Saturn), sai ya shiga tsakaninmu da ita ya ɓoye ta na kimanin sa'a guda ko ƙasa da haka, sannan ta ɓullo ta ɗaya gefen.

Me ya sa ba a ganinsa ko'ina?

Kusancin watan ne ya jawo haka. Miƙa yatsa a gabanka, ka rufe ido ɗaya sannan ɗayan, za ka ga yatsan yana sauya wuri. Haka wata yake ga masu kallo daga sassa daban-daban. Rufewar Mirrihi ta daren 13 ga Janairun 2025, alal misali, an gan ta a Amurka da wani sashe na Afirka ta Yamma, yayin da wasu wurare suka ga sun kusanci juna kawai.

Ina daɗin kallon yake?

Yana daidai lokacin shiga da fita. Tauraro na yau da kullum yakan ɓace kamar ƙiftawar ido, domin wata ba shi da iskar da za ta dusashe haskensa. Duniya kuwa tana da faɗi, don haka a hankali take nutsewa: Mushtari kan ɗauki fiye da minti guda, kuma a ganina babu abin da ya kai Zuhal kyau, inda za ka ga bakin wata ya fara cinye zoben da ke kewaye da ita, sannan jikin, sannan ragowar zoben. Idan wata yana kan girma, ta gefensa mai duhu take shiga, sai ka ga kamar duhu ne ke haɗiye ta.

Wane shiri mai ɗaukar hoto zai yi?

Ya nemi lokacin da ya dace da inda yake, manhaja irin Stellarium tana nunawa, sannan ya kafa na'urar hangen nesa da kyamara a kan madogari mai ƙafa uku da wuri, ya daidaita kaifin hoton a kan ramukan wata. Babbar matsalar ita ce bambancin haske, musamman da Zuhal: ka buɗe wa duniyar, wata ya yi fari fat, ka rage saboda wata, duniyar ta ɓace. Shi ya sa ya fi kyau a saita hasken da hannu, a ɗauki bidiyo, daga baya a tsamo hotunan da suka fi tsabta. Fitowar ta fi wuyar kamawa, sai mutum ya san gefen da zai zuba wa ido tun kafin lokaci.

Ana iya gani da rana?

Ana iya ganin na Zara, amma kada a kuskura a juya na'urar wajen rana, domin tana makantar da ido nan take.