Waiwaye: Daga malaman taki zuwa taswirar cikin waya a ƙasar Katsina

Kafin safiyo ya zo, iyakar gona a ƙasar Katsina a bakin mutane take. Layin gamba, shingen aguwa, tsohuwar tsamiya, sai kuma shaidar mai unguwa da dattawan da suka ga lokacin da aka raba gado. In rigima ta tashi, su ake kira su taka wurin da ƙafa su nuna. Tsarin yana aiki muddin shaidu na raye kuma bishiyar na tsaye.

Baƙi ne suka fara sa wannan ƙasa a takarda da awo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina a 1851, ya kuma ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14. Bayan Turawan Ingila sun shigo a 1903, awo ya zama aikin hukuma. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta bi daji tana kafa alamomin iyaka daga kogin Neja har tafkin Cadi, kuma wannan layin ne ya bar Maraɗi a can, Katsina a nan, duk da dangin juna ne. A cikin gida kuma aka fito da malaman taki a masarautun Arewa, masu auna gona da taku don a yanka mata haraji. Don haka kada a ga laifin manomin da gabansa ke faɗuwa in ya hango mai awo a bakin gonarsa: abin da kakanninsa suka sani game da awo shi ne haraji da raba zumunci.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, aka kuma ƙirƙiro Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Bayanan filaye suka ci gaba da zama a fayil-fayil na takarda, masu iya ɓacewa ko gara ta cinye su. Daga nan ne ake samun fili ɗaya da takardu biyu.

Abin da ake kira GIS ya sha bamban da taswirar bango ta makaranta. Kwamfuta ce ke ɗora bayanai hawa-hawa a kan hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko: hawa ɗaya na hanyoyi, ɗaya na gidaje, ɗaya na rijiyoyi ko asibitoci, kowane ɗigo da lambarsa ta GPS, wato lambar da ke nuna ainihin inda yake, da bayanin da ke maƙale da shi. Sai ka iya tambayarta wace ruga ce ta fi nisa da asibiti, ta nuna maka. Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, shekarar da Abuja ta kafa hukumarta ta AGIS don rajistar filaye.

Amma a ganina, inda wannan fasaha ta fara yi wa talakan Katsina amfani na zahiri shi ne yaƙi da shan inna. A 2012 an samu mutum 122 da cutar ta kama a Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kowa na zargin iyayen da ke ƙin rigakafi, kuma akwai su. Sai dai da aka bincika, an tarar da wata matsalar: taswirorin da ma'aikata ke tsara zagayensu da su, da hannu aka zana su, daga abin da mutum ya iya tunawa. Ƙauyen da ke bakin iyakar gundumomi biyu, wannan tawaga ta ɗauka na waccan ne, waccan ta ɗauka na wannan ne. Rugar Fulani mai bukka biyar kuwa ba ta cikin lissafin kowa. Yaran da ke can, ba a taɓa zuwa ƙofarsu ba balle iyayensu su ƙi.

Daga 2012 aka shiga zana sabbin taswirori na jihohin Arewa da hoton tauraron ɗan'adam, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa. Hoto yana nuna rufin ɗaki, amma ba ya faɗin sunan gari, don haka sai da mutane suka hau babur suka bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar suna, suna ɗaukar lambar wurin. Ranar rigakafi kuma a ba tawaga waya, a jefa ta cikin jaka kusa da akwatin ƙanƙara. Matan su shiga gida su ɗiga wa yara, su shafa musu tawada a yatsa, su yi rubutun alli a bango, wayar kuwa tana ta adana inda aka taka. Da yamma a sauke bayanan, a ga lungun da aka shiga da wanda aka tsallake, washegari a koma. Ba taswira kaɗai ta kori cutar ba, sarakuna da malamai da waɗannan mata sun yi aikin da ya fi nauyi, amma ita ta nuna musu inda suka bari. An ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020. Waɗannan bayanai na ƙauyuka su aka ci gaba da faɗaɗawa a shirin GRID3 na tattara taswirar matsugunai da yawan jama'a, ana tsara wasu ayyukan lafiya da su.

Yanzu hankali ya koma kan filaye. Kaduna ta kafa KADGIS, hukumarta ta rajistar filaye da GIS, Katsina ma ta samar da tata hukumar, KATGIS, a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. Fa'idar a bayyane take: fili mai lamba a kwamfuta yana da wuya a sayar wa mutum biyu, kuma takardar mallaka na iya zama jingina a banki. Damuwata ita ce kada aikin ya tsaya a fulotan bayan gari da kuɗin shiga. Jihar na da ƙananan hukumomi 34 da gundumomi 361, kuma rigimar da ta fi cin rai tana karkara. Burtalin da gonaki suka haɗiye, mashayar dabbobi, da makiyayar da dokar keɓe wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 ta ware, irin ta Ruma da Kukar Jangarai, duk suna buƙatar a fitar da iyakarsu a gaban manomi da makiyayi da mai unguwa, kowa na gani, kafin a shigar da su kwamfuta. Haka hanyoyin ruwa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40, kuma taswirar tudu da kwari na iya nuna gidajen da ke kan hanyar ruwa tun kafin damina, a san waɗanda za a fara yi wa gargaɗi da inda bai kamata a sake yanka fili ba.