Gidajen tausa a Kalifoniya: ina ikon ƙaramar hukuma ya tsaya?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, doka ta raba mai tausa da gidan tausa, kuma duk wanda bai gane wannan rabon ba zai sha wahala wajen neman lasisi. Ƙwarewar mutum dokar jiha ce ke auna ta. Ginin da ake aikin a ciki kuwa na ƙaramar hukuma ne, wato birni ko gunduma.

A 2008 majalisar jihar ta yi dokar SB 731, wadda ta kafa CAMTC, hukumar da ke ba masu tausa takardar shaida. Sharuɗɗan samunta: shekara 18, karatu na awa 500 a makarantar da hukumar ta amince da ita, da ɗaukar zanen yatsu don binciken tarihin laifi. Ana sabunta ta duk shekara 2. Jiha ba ta tilasta wa kowa karɓarta ba, amma birane da yawa sun mai da ita wajibi.

Dokar farko ta ɗaure hannun birane sosai, har suka dinga kukan cewa gidajen karuwanci na fakewa da sunan tausa alhali ba su da yadda za su yi. Wannan ya haifar da dokar AB 1147, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2015. Yanzu birni na iya ƙayyade unguwar da za a buɗe gidan tausa, ya sa lokacin buɗewa da rufewa, ya aiko masu duba tsafta, ya kuma buƙaci lasisin kasuwanci ko da mai wurin shi kaɗai ke aiki.

Sai dai sashe na 51034 na kundin dokokin gwamnati ya ja wa birni layi. Ba zai hana namiji yi wa mace tausa ko mace ta yi wa namiji ba. Ba zai sa gidan tausa a rukunin wuraren batsa ba. Ba zai ce dole a huda taga a ɗakin tausa don a riƙa leƙen wanda ake yi wa ba. Mai takardar CAMTC kuma ba a ƙara masa jarrabawa, ko gwajin asibiti, ko wani binciken laifi. Akwai ma batun ƙofa, wanda ake yawan gardama a kai: idan wurin na mutum ɗaya ne, kuma ma'aikacinsa bai wuce ɗaya ba, yana da damar kulle ƙofar waje yayin aiki. Dalilin a fili yake, ba wanda zai tsare ƙofar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne biyan kuɗin haya kafin a je ofishin tsara birni. Takardar CAMTC ba ta halatta shago a unguwar da birni ya hana. Wasu biranen ma ba sa barin a sake buɗe gidan tausa na wani lokaci a ginin da aka taɓa ƙwace wa lasisi, don haka a tambayi tarihin ginin kafin a sa hannu.