Wa zai biya kuɗin gyaran filin da masana'anta ta gurɓata?

A watan jiya kawuna ya ja ni ganin wani fili da aka yi masa tayi da araha, a bayan wata masana'anta da ta daɗe da rufewa a nan Bauchi. Ƙasar wurin baƙa ƙirin, baƙin mai ya jiƙa ta har ko ciyawa ba ta tsiro ba. Ga fasassun batura jibge a gindin katanga, ga rijiyar maƙwabta ba ta fi taku ashirin ba. Kawu ya ce, "Ai tifa biyu ta yashi ta rufe wannan." Na ce, "Kawu, ido kawai yashi zai rufe wa. Damina na sauka, dalmar baturan nan za ta bi ruwa ta nufi rijiya."

Ƙa'idar da dokokinmu suka tsaya a kai ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Tsakanin 1987 da 1988 wasu jiragen ruwa suka kwaso dubban gangunan shara mai guba daga Italiya aka jibge a garin Koko, da ke jihar Delta a yau. A 1988 aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai irin wannan aika-aika. A 1992 aka wajabta binciken illa ga muhalli kafin a fara babban aiki, a 2007 kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da ikon shiga masana'anta, ɗaukar samfuri da gurfanar da mai laifi. Jiharmu ma tana da tata, BASEPA.

To amma duk wannan sai mai laifin yana nan. Kamfanin da ya durƙushe shekara ashirin baya, an kwashe injuna an sayar wa 'yan gwangwan, wa za a kama?

Amurka ta sha fama da wannan a biranenta da masana'antu suka mutu suka bar talauci. Masu kuɗi suna gudun irin waɗannan filaye, domin dokarsu ta 1980 tana iya ɗora wa mai fili kuɗin gyara ko da ba shi ya zuba gubar ba. Sai a 2002 suka yi wata doka mai fuska biyu. Ta farko, wanda ya sayi fili bayan ya yi cikakken bincike, kuma ba shi ya gurɓata ba, an ba shi kariya. Ta biyu, gwamnatin tarayya tana ba birane tallafi: kuɗin gwajin ƙasa daban, na kwashe gubar daban, da wani da ake bayarwa rance, idan an biya a sake ba wani. A 2021 suka ƙara wa shirin dala biliyan 1.5. Kuɗin gwajin nan ya fi burge ni, don sau da yawa rashin sanin abin da ke cikin ƙasar ne yake kashe fili.

A gida, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ita ce asusun kula da muhalli da aka kafa a 1981. Ana cire shi daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna samun kasonsu. Sai dai zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada ne suka fi cin kuɗin, kuma duk wanda ya ga kwaruruwan da ke cinye gidaje a Gombe ba zai ce bai dace ba. Gurɓatacciyar ƙasa ba ta rushe gida a dare ɗaya, shi ya sa ake mantawa da ita. Mun ga ƙarshen wannan a Zamfara: gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a 2010, amma sai a 2013 aka saki kuɗin gyaran ƙauyen Bagega. Aikin kuwa kankare saman ƙasa ne, a binne ta a rami na musamman, a zubo mai tsabta. Har yau wannan jinkirin yana ci mini rai.

Mutanen Alkaleri da maƙwabtansu na Gombe su riƙe wannan: dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli kafin a amince da tsarinsa na kula da muhallin. Tunda an ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a yankinsu a Nuwamban 2022, haƙƙinsu ne su tambayi ko an zuba.

Kawu dai bai biya kuɗin filin ba. Mun je wurin mai unguwa, an rubuta wa BASEPA takarda a zo a auna ƙasar da ruwan rijiyar, an kuma roƙi maƙwabta su daina ba yara ruwan har sakamako ya fito.