Wai mene ne wannan "kare kai" da kowa ke iƙirari?

Kwanakin nan in ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook, duk wanda ya harba makami sai ka ji kakakinsa na cewa kare kai suke yi, wanda aka harba wa shi ma da ya mayar haka zai ce. To wa ya fara kenan?

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cakuɗa abu uku, kare kai, ramuwar gayya da riga-kafi. Karewa ai tarewa ce, bugu na tahowa ka sa garkuwa. In an gama dukanka ka koma gida ka yi sati kana shiri sannan ka fito, malam wannan ramuwa ce. Sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya yarda ƙasa ta kare kanta ne idan an kai mata hari da makami, kafin Kwamitin Sulhu ya ɗau mataki, kuma dole ta kai masa rahoto.

Riga-kafin ne inda ake ha'incin. A 1837 'yan tawayen Kanada, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya, na amfani da wani jirgin ruwa mai suna Caroline wajen jigilar mutane da makamai a kogin Niyagara, sai dakarun ɓangaren Birtaniya suka tsallaka cikin dare har gaɓar Amurka suka banka masa wuta suka sake shi a ruwa, Ba'amurke ɗaya ya mutu, suka ce kare kai ne. Daniel Webster, sakataren harkokin wajen Amurka, ya rubuta musu cewa sai dai in haɗarin ya zo wuya, ba wata hanya, ba ko lokacin shawara, kuma kar martanin ya wuce kima. Ka ji sharaɗi mai tsauri. Amma dai Amurkar nan ce a 2003 ta shiga Iraƙi kan makaman ƙare dangi da ba a samu ba, wai kar a riga ta. Su kuma suna cewa riga-kafi ya fi magani, ni a ganina karin maganar nan ta rashin lafiya ce, da aka jawo ta fagen yaƙi lasisin fara duka ta zama.

Kuma ba sai da mugu a ciki ba, nan ne abin tsoron. Ka tara makami don tsoron maƙwabci, shi daga can ba ya ganin niyyarka, makamin kawai yake gani, sai ya tara nasa, kai kuma ka ce ai ka gani dama na faɗa. Wani masanin siyasar duniya, John Herz, ya yi rubutu kan wannan tarko a 1950. A 1914 Rasha ta yi shelar tara sojoji, Jamus ta ayyana yaƙi a kanta ranar 1 ga Agusta, ranar 4 ga wata sojojin Jamus na cikin Beljiyam wadda ba ruwanta da rigimar, kuma Jamusawa an gaya musu kare ƙasa suka fita yi.