Idan Masu Ƙidaya Suka Yi Sallama, Kada a Ɓoye Kowa a Ɗaki

Jama'ar Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi, ga wani abin lura. A ƙidayar 2010, kashi 3 cikin ɗari na mutanen Gana aka rubuta a matsayin masu naƙasa. A ta 2021 sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta samu wajen kashi 8 cikin ɗari na masu shekara biyar zuwa sama, mutum sama da miliyan biyu, kuma mata sun fi maza yawa. Babban dalilin wannan tazara shi ne an sauya yadda ake tambaya.

Idan aka ce wa mai gida "akwai naƙasasshe a gidan nan?", kunya kan sa ya ce babu. Yanzu abu shida ake tambaya game da kowane mutum: gani ko da da tabarau, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu da tattara hankali, wanka da sa tufafi, sai magana da fahimtar magana. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ko ba ya iyawa sam.

Inda ake kuskure a gidajenmu shi ne wajen tsofaffi. Ga Hajiya tana lalubar bango kafin ta kai ga butar alwala, sallah ma a zaune take yi, amma ɗanta ya ce lafiyarta ƙalau, tsufa ne kawai. To, wannan "akwai sosai" ce, haka ya kamata a rubuta. Haka yaron da sai an taɓa kafaɗarsa yake waiwayowa, ana ta ce masa mai taurin kai alhali kunne ne. Abin da ya fi ciwo, ɗa mai lalurar ƙwaƙwalwa da ake rufewa a ƙurya da an ji sallamar baƙo.

Ku ma masu ɗaukar bayanai, a gidan haya ku bi kowane iyali daban, ku tambayi mutum da kansa idan zai iya amsawa. Kurma a nemo masa wanda ya saba yi masa nuni da hannu. Ku daidaita fassarar tambayoyin da Hausa tun kafin ku fita, domin "wahala kaɗan" da "wahala sosai" ba ɗaya ba ne.

Dokar masu naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ta tanadi haƙƙin karatu da na lafiya, kuma akwai kason da ake ware musu daga asusun majalisun gundumomi. Da waɗannan alƙaluma unguwa ke kafa hujja idan ta je neman keken guragu, malamin kurame ko hanyar shiga asibiti marar matakala.